Tarihin Farin Da Ke Jikin Kek Ɗin Amarya

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, kodayake abin bai yi nisa da soyayyar ba, domin daga inda yawancin littattafanmu suke ƙarewa zan fara, wato wurin dina, daidai lokacin da mai gabatarwa ya kira ango da amarya su fito su yanka kek. Mu marubuta mun sha kawo wannan wuri, mu ce an turo kek mai hawa uku fari tas, an yi tafi, an ɗauki hoto, mu wuce abinmu. Ni kaina na rubuta haka ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina mene ne wannan abu da ake shafe jikin kek ɗin da shi ba, kuma me ya sa sai fari.

Abin da ya tsayar da ni wani biki ne da na je a nan Kano cikin watan Afrilu. An kawo kek tun la'asar, mai hawa huɗu, jikinsa sumul kamar an goge shi da dutsen guga, an zagaye gindin kowane hawa da furanni. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Kafin amarya ta iso kek ya fara zufa, furannin suka soma zamewa ɗaya bayan ɗaya, hawan sama ya karkace kamar hular mai gyangyaɗi. Yarinyar da ta yi shi tana bayan zaure tana share hawaye, uwar amarya kuwa, wadda na san sai da ta ci bashi kafin ta biya kuɗinsa, ta kasa cewa komai. Sai wata dattijuwa da ke kusa da ni ta taɓe baki ta ce, "Alkaki dai ba ya narkewa." Aka yi dariya aka wuce. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, domin da na bi tarihin abin sai na tarar su ma Turawan da muka kwaikwaya, kek ɗin aurensu na asali ba ya narkewa. Narkewar sabon abu ne, kuma yana da dalili.

Bari mu faro daga nesa kaɗan, amma ba za mu daɗe a can ba. Mutanen Rum na dā suna da wani nau'in ɗaurin aure na manyan gidaje da ake yi a gaban shaidu goma, inda ango da amarya suke cin wani gurasa da aka yi da dangin alkama. Ba sukari a ciki, ba ado. A Ingila kuwa, har cikin ƙarni na 17 abin da ake kaiwa gaban amarya ba lallai ya zama mai zaƙi ba. Wani mai dafa abincin manyan mutane mai suna Robert May, wanda littafinsa ya fara fitowa a 1660, ya bayyana wani abincin amarya da ake naɗe nama da kayan ciki da tukun zakara da ƙwalatan rago cikin kwaɓin fulawa a gasa, har ma a bar wani gurbi a tsakiya a zuba tsuntsaye masu rai, don idan an yanka su tashi a yi shewa. Ka ji fa, mai karatu. Da ni na rubuta wannan a littafi sai a ce na cika zuzutawa.

Kek ɗin da muka sani, mai farin rufi, sai a ƙarni na 18 ya soma kama siffarsa, kuma sunan da ake ambata a nan na wata mace ce, Elizabeth Raffald. Ta yi shekaru tana shugabantar aikin gida a wani babban gida a yankin Cheshire, daga baya ta koma Mancesta ta buɗe shago, a 1769 ta buga littafin girkinta. A ciki ta kawo kek ɗin amarya da ake haɗawa da fulawa laba 4, man shanu laba 4, sukari laba 2, ƙwai 32, ga busassun 'ya'yan itace masu yawa, ga kayan ƙamshi, ga kuma giya da suke zubawa, wadda take ƙara masa daɗewa. Laba ɗaya ta kusa rabin kilo, sai ka lissafa. Amma abin da ya sa ake tunawa da ita shi ne rufi biyu da ta yi masa: na farko na niƙaƙƙen almon da sukari, na biyu kuma na farin sukari da farin ƙwai, wanda ake bugawa da hannu har damtse ya gaji, a shafa, a bar shi ya bushe ya yi ƙarau. Turawa sun kira wannan rufi aisin ne saboda idan ya bushe yana ƙyalli kamar ƙanƙara, sunan ƙanƙara ke nan a harshensu. Mu ma aisin muke ce masa, ba tare da mun san muna ambaton ƙanƙara ba.

To me ya sa fari? A nan ne zan ɗan zauna, don a nan maganar take. Duk wanda ya san mazarƙwaila ya san asalin kalar sukari. Idan aka matse rake aka dafa ruwansa, abin da yake fitowa ja ne mai duhu, mai danƙo. Kafin ya zama fari a wancan zamani sai an sake narkar da shi, an tace, an dafa, an zuba cikin wasu tukwanen ƙasa masu tsini a ƙasa da ɗan rami, baƙin ruwan ya tsiyaye, sannan a ɗora jiƙaƙƙen yumɓu a sama ruwansa ya riƙa ratsawa yana wanke shi a hankali. Wannan aiki na makonni ne. Wanda ake so ya yi fari sosai sai an maimaita masa sau biyu, kuma duk maimaitawa kuɗi ne. Bayan an saye shi dunƙule, sai kuyangi sun farfasa, sun daka a turmi, sun tankaɗe da lallausan rariya. Saboda haka idan baƙo ya shigo ya ga kek fari fat, ba sai an gaya masa ba, ya san nawa uban amarya ya kashe. Idan ya ga farin ya ɗan yi duhu, ya san an yi tsimi. Farin kek a farkon lamari shelar arziki ce. Fassarar da aka zo aka yi masa cewa alamar tsarkin amarya ce, daga baya ta biyo, a zamanin da farar rigar amarya ta zama yayi. Wani malamin jami'ar Gilasgo mai suna Simon Charsley ya rubuta littafi sukutum a kan kek ɗin aure a 1992, kuma abin da mutum yake gani a irin wannan bincike shi ne yadda ake fara yin abu don wani dalili, daga baya a ƙirƙiro masa ma'ana mai daɗin ji.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a wurin biki. Sukarin nan da Raffald take dakawa a Mancesta daga tsibiran Karebiyan yake zuwa, irin su Barbados da Jamaika, inda tun shekarun 1640 aka mayar da noman rake babbar sana'a, kuma bayin da aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma su ne suke sara, su ne suke tura rake cikin matsa, su ne suke tsaye a kan tukwanen dahuwa dare da rana. Masanin nan Sidney Mintz, a littafinsa na 1985 kan tarihin sukari, ya nuna cewa a wajajen 1700 Bature ɗaya a Ingila yana shan kimanin laba 4 a shekara, zuwa 1800 ya kai kimanin laba 18. Duk wannan ƙari a bayan mutum baƙi aka ɗora shi. A 1791 dubban iyalai a Ingila suka daina sayen sukarin bayi don nuna ƙin cinikin, amma sai a 1833 aka yi dokar 'yanta bayi a ƙasashen da Birtaniya take mulka, ta fara aiki a 1834. Ni dai tun da na karanta wannan, farin kek ɗin zamanin nan na dā ya daina yi mini kyau kamar yadda yake yi.

Wadda ta ɗaura wa farin kek rawani ita ce Sarauniya Biktoriya. Ranar 10 ga Fabrairu 1840 aka ɗaura aurenta da Yarima Albat a Landan. Kek ɗinta nauyinsa ya kai wajen laba 300, wato kusan kilo 136, kewayensa yadi uku, kaurinsa wajen inci 14, an lulluɓe shi da farin aisin, a samansa an ɗora 'yan mutum-mutumin ango da amarya cikin shigar mutanen Rum, da kare a ƙafar ango alamar riƙon amana, da kurciyoyi a gefen amarya. Jaridu suka zana hotonsa, duk ƙasa ta gani. Da wannan biki ake danganta sunan da irin wannan busasshen aisin ya samu, wato aisin na sarauta. Ka lura ba dogo ba ne, faɗi gare shi. Tsawo sai a 1858 ya shigo, a auren babbar 'yarta da yariman Farushiya, inda kek ya fi ƙafa shida, amma hawan ƙasa ne kawai na ci, na sama duk ginin sukari ne don ado. Sai a 1882, a auren ɗanta Yarima Leopold, aka yi wanda kowane hawa kek ne na gaske. A tsakanin nan, a 1874, gwamnatin Birtaniya ta soke harajin sukari, ga kuma sukarin da ake samu daga wani rogon Turai yana kwararowa daga Jamus da Faransa, sai farashi ya faɗi, ɗiyar malamin makaranta da ta mai shago su ma suka samu farin kek.

Irin wannan kek ba ya tsoron zafi, ba ya tsoron kwana. Cikinsa cunkushe yake da busassun 'ya'yan itace da sukari, bayansa an rufe shi ruf da almon, an sake rufewa da aisin mai tauri kamar siminti, iska ba ta shiga. Ana gasa shi watanni kafin biki. Bayan biki a yanka ƙanana a zuba a 'yan akwatuna a aika wa dangin da ba su samu zuwa ba, hawan sama kuma a ajiye shi sai ranar da za a kai ɗan fari coci a raɗa masa suna. Kai, wani yanki na kek ɗin Biktoriya da aka ajiye cikin akwatinsa, a 2016 aka yi gwanjonsa a Landan aka saye shi fam 1,500, shekara 176 bayan bikin. Taurin aisin ɗin nan ma shi masu bin tarihi suke dangantawa da al'adar da muke gani ta ango ya ɗora hannunsa a kan na amarya wajen yanka: da farko amarya ce kaɗai take yankawa, da abin ya gagare ta sai ango ya kawo agaji. Mu kuma muka zo muka rubuta shi a matsayin alamar haɗin kai da ƙauna, har da kallon ido cikin ido.

A nan ne maganar dattijuwar nan ta dawo mini. Idan ka duba garar da iyayen amarya suke kaiwa a ƙasar Hausa, za ka ga tunani ɗaya ne. Alkaki alkama ce aka ɓarza, aka kwaɓa ta kwana ta yi tsami, aka murɗa, aka soya, aka tsoma a zuma ko dafaffen sukari har ya sha ya ƙoshi. Nakiya shinkafa ce da man shanu da zuma da citta da kanumfari da masoro, a kirɓa har ta haɗe. Dukkansu an yi su ne da kayan da suka fi tsada a zamaninsu, don dangin ango su buɗe kwalla su san gidan da 'yar ta fito, kuma dukkansu an yi su ne su daɗe, a rarraba wa dangi na kusa da na nesa. Ashe kek ɗin Biktoriya ya fi kusa da alkakin kakanninmu fiye da wanda ya narke a gabanmu ran nan.

Sai yaƙin duniya na biyu ya zo ya tona asirin al'adar. A Janairun 1940 aka fara rabon sukari da bota da kati a Birtaniya, a cikin shekarar kuma aka hana masu gashi shafa aisin a jikin kek. Ka san me suka yi? Sai suka ƙera murfi na kwali, suka yi masa fenti fari da ado kamar kek mai hawa uku, suna bayar da haya. A kifa shi a kan ɗan ƙaramin kek, a ɗauki hoto, a ɗage a mayar wa mai shi. Fankan-fankan ba shi ne kilishi ba, in ji masu iya magana, amma ga shi mutanen da bama-bamai suke sauka a kansu sun gwammace fankan-fankan ɗin da a ce an yi auren 'yarsu ba farin abu a kan tebur. Ko auren Gimbiya Elizabeth na 20 ga Nuwamba 1947, wadda ta zama sarauniya har aka yi mata hawan daba a Kaduna a 1956, sai da 'yan mata 'yan sikawut na Ostareliya suka aiko da kayan haɗin kek ɗin, saboda har lokacin ana rabon sukari, ba a daina ba sai 1953. Kek ɗin hawa huɗu ne, tsawonsa ƙafa tara, da takobin ango aka yanka shi.

To ina kirim ɗin bota ya shigo, wannan mai laushi da yanzu kowace amarya take so? Shi ba daga fadar Ingila ya fito ba. Masu yin kayan zaƙi na Faransa da Jamus da Hangari ne suka saba buga bota da sukari da ƙwai su zuba a tsakanin faifan kek. Misalin da aka fi sani shi ne na József Dobos, wanda ya nuna kek ɗinsa mai siraran faifai da kirim ɗin bota da cakulan a baje kolin Budafes na 1885, har Sarki Franz Joseph da matarsa suka ɗanɗana. Amma wannan na ci ne a kwana kaɗan. Ba wanda ya yi tunanin rufe kek ɗin aure da shi, saboda dalilai a fili suke: bota tana narkewa da zarar zafi ya kai maki 32 zuwa 35, wato ƙasa da zafin jikin mutum, tana ɗaukar wari idan ta kwana biyu, kalarta rawaya-rawaya ce ba fara ba, kuma ba ta iya ɗaukar nauyin hawa a kanta.

Kafin ta hau kek ɗin amarya sai da abubuwa da dama suka haɗu, kuma a Amurka suka fi haɗuwa. Injin raba kirim da madara da Gustaf de Laval na Suwidin ya fito da shi a 1878 ya sa bota ta yawaita ta yi araha. Hodar tashin kek ta sa aka koma son kek mai laushi kamar auduga, wanda idan ka ɗora masa aisin mai tauri wuƙa za ta murƙushe shi kafin ta huda. Injin bugu na gida ya fito a 1919 da sunan KitchenAid, ya hutar da damtse. Uwa uba kuma firji, wanda zuwa 1950 ya shiga yawancin gidajen Amurka. Ga kuma wata dabara: a 1911 kamfanin Procter & Gamble ya fito da Crisco, daskararren mai fari da aka yi da man angurya, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura na bota nesa. Makarantar koyon adon kek da Dewey McKinley Wilton ya buɗe a Shikago a 1929 ta zama cibiyar da irin wannan ado ya yaɗu daga gare ta, ana matsa furanni da ganyaye da igiyoyi ta bakin 'yan ƙarafa masu siffa daban-daban. Kirim ɗin da aka yi da farin man nan yana tsayawa, yana da fari, sai dai duk wanda ya ci ya san yadda maiƙonsa yake manne wa mutum a ganɗa.

A nan ma akwai hannunmu, ko da ba mu sani ba. Abin da muke kira bota a kasuwanninmu, irin su Blue Band da Simas, yawancinsa majarin ne, wato kwaikwayon bota da wani Bafaranshe mai suna Hippolyte Mège-Mouriès ya ƙirƙiro a 1869. Da farko da kitsen shanu ake yin sa. Da Bajamushe Wilhelm Normann ya gano hanyar daskarar da man tsirrai a 1902, sai masana'antun Turai suka shiga neman man gyaɗa ido rufe. Daidai lokacin ne dogo ya iso Kano a 1911. Turawan mulki auduga suka sa rai za a noma musu, manoma kuwa suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, daga 1912 ciniki ya ɓarke, aka samu dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Wato dai gyaɗar da kakanninmu suka noma ta daɗe tana shiga burodi da kek ɗin Turawa kafin jikokinsu su san ana yanka kek a wurin biki.

Kirim ɗin bota bai ci kasuwa a sauƙaƙe ba. Ya yi kishiya mai ƙarfi, wato fondan, kwaɓaɓɓen sukarin nan da ake murzawa kamar fatar sambusa a lulluɓe kek da shi. Masu adon kek na Ostareliya ne suka shahara da shi, a shekarun 1980 kuma ya mamaye Ingila ya ture aisin na sarauta. Fondan yana da sumul ɗin da ba a jayayya, yana jure hanya, amma mutane da yawa ɓare shi suke yi su ajiye a gefen faranti. Wadda ta tsaya tsayin daka a kan bota ita ce Sylvia Weinstock ta birnin Niyok, malamar makaranta ce da ta fara sana'ar kek a 1980 tana da shekara hamsin bayan ta yi jinyar ciwon daji, ta zama mai yi wa attajirai da taurari kek, kuma aka san ta da ƙin fondan har ta rasu a 2021. Ita ta nuna wa masu kuɗi cewa ana iya samun sumul ɗin da ake so da abin da baki zai karɓa.

Yadda ake samun sumul ɗin nan kuwa aiki ne na haƙuri, na tsaya na kalli masu yi. Mai sauƙin shi ne a buga bota da garin sukari kawai, amma ƙwararru sun fi son wanda ake kira na Suwizalan: a haɗa farin ƙwai da sukari a kwano, a ɗora a kan tururin ruwan zafi ana juyawa har sukarin ya narke zafin ya kai wajen maki 70, a sauke a buga har ya tashi ya huce, sannan a riƙa jefa bota kaɗan-kaɗan. A tsakiyar aikin sai ya tsinke kamar kindirmon da ya lalace, sabuwar hannu ta ɗauka ya ɓaci ta zubar, alhali da ta ci gaba da bugu zai haɗe ya yi santsi. Sai a ɗora kek a kan faifai mai juyawa, a yi masa shafen farko siriri don ya kama ɓurɓushi, a sa a firji ya daskare. A fito da shi a lafta shafe na biyu mai kauri, a tsayar da faffaɗan ƙarfe a gefensa, hannu ɗaya yana riƙe ba motsi, ɗayan yana juya faifan, a cike ramuka, a sake sharewa, a sake mayarwa firji. Wasu sukan tsoma ƙarfen a ruwan zafi su goge kafin sharar ƙarshe, don ya ɗan narkar da fuskar ta yi ƙyalli. Ka ƙirga sau nawa na ambaci firji.

Mai zane-zane a jiki kuma, bayan an yi shafen ne sai a bi shi da ƙarfe mai haƙora kamar matsefi ya fitar da layuka, ko a dafa bakin wuƙar shafe ana juya faifan ta bar tsagi yana hawa, ko a bi da bayan cokali ana ɗan dangwalawa. Duk wanda ya taɓa ganin maginan gargajiya na Kano ko Zariya suna jan yatsu a jikin ɗanyen yaɓe ya san wannan aiki, bambancin kawai nasu makuba ce ta shekaru, wannan na sa'o'i ne. Abin da ya ba ni dariya shi ne yadda yayi ya juya. Shekara ɗari biyu ana wahalar ɓoye sawun hannu, yanzu da sumul ya zama abin da kowa zai iya samu, sai masu hali suka koma biyan kuɗi don a bar musu sawun hannun a gani.

Fadar Ingila ma daga ƙarshe ta sallama. A 2011 kek ɗin auren Yarima William na gargajiya ne, na busassun 'ya'yan itace, hawa takwas, da furannin sukari wajen 900, Fiona Cairns ta yi shi. Amma ranar 19 ga Mayu 2018, a auren ƙanensa Harry da Meghan, wata 'yar asalin Kalifoniya mai suna Claire Ptak ce ta yi kek mai laushi na lemon tsami, da lemo 200 da ƙwai 500 da bota kilo 20, ta shafe shi da kirim ɗin bota irin na Suwizalan, ta bar sawun wuƙar shafe a jiki, ta yi masa ado da ɗanyun furanni. Wannan ba mai ajiye shi shekara 176. A ganina abin da kek ɗin Biktoriya yake faɗa wa baƙi shi ne muna da farin sukari, na jikokinta kuma yana cewa muna da sanyi, tun daga ɗakin gashi har motar ɗauka har zauren biki, ba inda ya yanke. Sukari ya zama na kowa, sai alfahari ya koma kan abin da ba ya jure ajiya.

Wannan kek ɗin ne ya iso mana ta hotunan waya, a garin da zafin Afrilu yake haura maki 40. Matan da suke wannan sana'a a Kano da Kaduna da Sakkwato, ni na jinjina musu, domin suna yin abin da Claire Ptak ba ta taɓa fuskanta ba. Suna cakuɗa bota da majarin ko farin mai don ya ƙara tsayawa, suna yin shafe da tsakar dare lokacin da gari ya yi sanyi, suna sayen ƙanƙara idan wuta ta tafi, suna rungume kek a cinya a bayan mota mai na'urar sanyi ana roƙon direba ya bi rami a hankali. Da yawansu kuma sukan yi hawan sama da farin soso mai tauri su shafe shi da kirim, hawa ɗaya ko biyu ne kawai na ci, dabarar da aka yi wa 'yar sarauniya a 1858 kuma aka yi da kwali a 1940. Kuɗin da uwar amarya take biya, kaso mai yawa ba na fulawa da ƙwai ba ne, na man janareta ne.

Kek ɗin ran nan dai ba a yanka shi a gaban jama'a ba. Ƙawayen amarya ne suka janye shi bayan labule, mai hoto ya ɗauki ango da amarya daga kafaɗa zuwa sama suna riƙe da wuƙa, daga baya aka kwashe shi da cokali a robobi aka raba wa yara, kuma maganar gaskiya ya yi daɗi, na ci. Bayan mako biyu aka kai gara, aka aiko mini da nawa rabon a ƙaramar kwalla, alkaki shida da dunƙulen nakiya biyu. Har damina ta sauka ina gutsura da shayin safe.